Mako Guda a Ɗakin Kati

Litinin

Baba Likita ya zo ofis da hantsi, jakar takardu a hammata. Shekaru sun ja, a cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaje shi, don haka zai sayar da asibitinsa. Masu saye sun aiko da jerin abin da suke son gani kafin a sallama: rajistar CAC, lasisin PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu a Kano, takardar mallakar fili. Can ƙasa sai ga sunayen marasa lafiya da cututtukansu. Na ce, "Baba, wannan kam ba za mu bayar ba." Ya ce, "Barista, ai da shi za su san darajar wurin."

Talata

Aikin takardu. Filin ba zai sauya hannu ba sai gwamna ya amince, kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Na rubuta wasiƙar.

Laraba

Na shiga ɗakin kati. Fayil-fayil har silin, wasu sun yi ja don tsufa. Ban buɗe ko ɗaya ba, amma na san abin da ke ciki: ɓarin da mace ba ta gaya wa uwar miji ba, gwajin da magidanci ya zo yi bayan isha'i don kada a gan shi. Na karanta wa Baba sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Bayanin mara lafiya sirri ne, ba ya fita sai da amincewarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko wasu 'yan dalilai da dokar ta ƙidaya. Ciniki ba ya cikinsu. Gado da injin hoton ciki nasa ne, ya sayar. Abin da mutane suka faɗa masa a ɗakin duba, ajiya suka ba shi. Ya daɗe shiru, sannan ya ce wasu da ke cikin fayil-fayil ɗin nan shi ya karɓi haihuwarsu.

Alhamis

An taso ni da asuba. Wata nas ta ɗauki hoton sakamakon gwajin wata mata za ta tura wa likita, sai ya faɗa zauren WhatsApp na 'yan makarantarsu. Ta goge, amma wasu sun riga sun gani. Na same ta tana kuka. Ba mugunta ta yi ba, kuma laifin bai tsaya a kanta ba, tunda shekara da shekaru da wayar kowa ake aiki. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mu awa 72 daga lokacin da muka sani mu sanar da hukumar NDPC. Manajan asibitin ya so a binne maganar. Na ƙi.

Juma'a

Rahoto ya tafi kafin a tafi masallaci. Da la'asar Baba da kansa ya zauna da matar, ita kaɗai, ya gaya mata komai. Tambaya ɗaya ta yi: "Likita, mijina ya gani?"

Asabar

Masu saye sun yarda da alƙaluma ba tare da suna ba: yawan masu zuwa a wata, yawan haihuwa, kuɗin shiga. Na sa sharaɗi cewa za a sanar da marasa lafiya kafin miƙa mabuɗi, wanda ya so ya karɓi kwafin fayil ɗinsa. Baba ya sa hannu, ya roƙi a bar shi ya rubuta sanarwar da kansa.