Makullin A Daidaita Sahu

Duk gidan da keken A Daidaita Sahu ke kwana a ƙofarsa a Kano, masu sallama ba sa yanke masa. Ƙane zai kai matarsa awo asibiti, aboki zai ɗauko buhun shinkafa daga kasuwar Singa, maƙwabci yana da biki a Ɗorayi kuma motar ɗaukar amarya ba ta isa ba. Maganar kusan ɗaya ce: "Yaya, don Allah ara mini makulli, yanzun nan zan dawo." Abin da ya daɗe yana jan hankalina shi ne ɗan shirun da mai keken kan yi kafin ya amsa. Hannu ya shiga aljihu, ya taɓa makullin, amma bai fito da shi ba. Can sai ka ji ya ce birki na wasa, ko mai ya yi ƙasa, ko bakanike ya ce a kawo masa da sassafe. Sau da yawa birkin lafiyarsa ƙalau. Mai roƙo ya gane, mai keke ma ya san an gane, a rabu kowa ransa babu daɗi.

Ina jin tausayin mai keken a wannan ɗan lokacin, domin da aro muka tashi. Turmi, tsani, tabarmar zaman makoki, babbar tukunyar suna, duk yawo suke yi gida gida, ba wanda ke tambayar na wane ne sai ranar mayarwa. Tun muna makarantar allo muka haddace Suratul Ma'un, malamai kuma suka yi mana bayanin cewa abin da aka zargi mutane da hanawa a ƙarshenta ya haɗa da irin su guga da tukunya da gatari, ƙananan kayan da maƙwabta ke ara wa juna. Wanda ya girma da wannan karatu, idan ɗan uwansa ya miƙo hannu, kalmar a'a nauyi take yi masa a baki. Tsoronsa kada a ce ya yi rowa, kada magana ta kai kunnen Hajiya a ce tun da ya samu ƙafa uku ya daina ganin mutane.

Sai dai keken ba ya cikin jerin waɗancan kaya. Lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da shi Kano, har ya gaji sunan shirinta na gyaran tarbiyya, manufar ita ce mata su huta da hawan acaɓa. Da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, sai matasan da ke ci da babur suka koma kansa, ya zama shi ne gonar gidaje masu ɗimbin yawa. Daga cikinsa ake cefane, a biya kuɗin makaranta, a sayi magani. Kuma da yawan waɗanda kake gani a kansa ba nasu ba ne. Wani balas yake kaiwa kullum da yamma, wani ya karɓa ne bisa yarjejeniyar ya riƙa biya mako mako har ya zama nasa. Mai shi na ainihi wataƙila wata bazawara ce da ta haɗa gadonta ta saya, ko ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa. Idan direba ya ba da aron irin wannan keke, amanar wani ya miƙa ba da saninsa ba. Ko awa biyu aka yi da shi, balas ɗin ranar ba zai ragu ba, man da aka ƙona kuwa tun cire tallafi a Mayun 2023 ya daina zama abin da ake kau da kai a kansa.

Akwai kuma abin da masu roƙo ba su cika yarda da shi ba: iya babur daban, iya keke daban. Da yake kan nasa irin na babur ne, duk wanda ya taɓa tuƙa Jincheng gani yake ya gama iyawa. Amma babur kwantar da shi ake yi a kwana, jiki ya bi shi. Keke ba ya kwantawa. Idan ka shiga kwana da gudu, tayar baya ɗaya ce za ta ɗaga, in an yi rashin sa'a ya kife da mutanen ciki. Giyarsa a hannun hagu take tare da kuloci, murɗawa ake yi, birki kuma a ƙafa. Sabon hannu ya fi mantawa da faɗin bayansa: ya ga tayar gaba ta shige tsakanin motoci biyu a Ƙofar Wambai, ya ɗauka sauran jikin ma zai shige, sai ka ji ƙarar ƙarfe. Injin Bajaj da TVS ɗin nan da ake kawowa daga Indiya ƙarami ne, kusan cc 200, ga lodin mutane da kaya. Mai shi ya san sautinsa, ya san ranar da ya yi juyen baƙin mai, ya san ramin da ake rage gudu a kansa. Ɗan aro bai san ko ɗaya ba. Ɓarnar da yake yi ma ba lallai a gan ta ran nan ba. Kuloci ne zai fara santsi bayan 'yan kwanaki, lokacin da ba wanda zai iya cewa ga wanda ya ƙona shi.

Ga kuma lambar da ke rubuce a jikin keken. Idan 'yan KAROTA, masu kula da dokar hanya, suka kama shi ya yi lodi inda aka hana, ko ya buge wani ya tsere, ko aka yi ƙwacen waya a cikinsa, sunan da ke takarda za a nema. A Yulin 2022 gwamnatin jihar ta hana kekunan zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda dalilan tsaro, alhali dare ne lokacin da aka fi zuwa aro, da hujjar ai ka tashi daga aiki, ajiye yake.

Inda abin ya fi ciwo shi ne bayan an dawo da shi da fasasshen gilas ko lanƙwasasshen gaba. Wa zai biya? Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tattauna wannan. A cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukan birni har gobe, an bambanta kayan da za a iya ɓoyewa da waɗanda ba sa ɓoyuwa kamar dabba: na farko mai aro ke lamunce su, na biyu kuwa ba ya biya sai in ya wuce iyaka ko ya yi sakaci. Wato maganar tana komawa kan iyakar da aka yanka tun farko: ina za ka, me za ka ɗauka, yaushe za ka dawo. Mu kuwa kunya ba ta barin mu yanka ta. Makulli kawai ake miƙawa a ce "Allah ya tsare." In tsautsayi ya faɗa, mai aro ya ce ƙaddara ce, mai keke ya haɗiye, ya ci bashi ya yi gyara, daga nan gaisuwa ta fara gajarta. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya da suka daina cin abinci a kwano ɗaya a kan abin da magana ta minti biyu za ta iya tsarewa.

Waɗanda suka fi burge ni a cikin masu wannan sana'a ba sa laɓewa bayan birki, ba kuma sa sakin makulli. Cewa suke yi, "Tashi mu je in kai ka." Ya bar fasinjan kuɗi, ya kai matar ƙanensa asibiti, ya jira ko ya dawo ɗauka, in an miƙo kuɗi ya ce haba, a bar shi. Asara ce a gare shi, amma asarar da ya san iyakarta, kuma buƙatar da ta kawo ɗan uwan ta biya. Wanda ya ƙi wannan tayin ya nace sai dai makulli, to akwai inda zai je da ba ya son a sani, ko fasinja yake son ɗiba, kuma mai keke yana da haƙƙin ya tambaya.

Ban ce kada a taɓa bayarwa ba. Direbobi da yawa ta hanyar ɗani suka koyi sana'ar: yaya ya yi aikin safe, ya miƙa wa ƙane na yamma, har ƙanen ya tara ya karɓi nasa. Wannan taimako ne da ya fi kyautar kuɗi, kuma zan so ya yawaita. Amma masu yin sa da kyau sukan fara zama a bayan yaron su ga hannunsa a fili, sannan a cikin cunkoso. Su tabbatar yana da lasisi. In keken na wani ne, su nemi izinin mai shi. Sannan su faɗa a gaban wani babba na gida cewa mai a kansa yake, tara a kansa take, gyara kuma ga yadda za a raba. Yaron kan ɗan ɓata rai a ranar, ya ce Yaya bai yarda da shi ba, amma washegari da azahar za ka gan shi tsaye a ƙofar gida yana jiran a dawo daga aikin safe.