Bijimin Da Na Sa Kawuna Ya Saya

Jama'a, akwai wani bashi da na daɗe ina ɗauke da shi, wanda ba na kuɗi ba ne, kuma na ga ya kamata in sauke shi a wannan fili, ko Allah Ya sa wani ya tsira daga ramin da na jefa kawuna a ciki.

A cikin shekarar 2018 aka aike ni ɗauko labari a wata babbar gonar kiwo, wadda ba sai na faɗi sunanta ba. A can na ga wani bijimi ja, mai farin goshi da faɗin ƙirji, wanda bai cika shekara 3 ba, amma ya fi duk wani sa mai shekara 5 da na taɓa gani a karar garinmu. Aka shaida mini ɗan ruwa biyu ne: ubansa Simental, watau irin shanun ƙasar Suwizalan, uwarsa kuwa Bokolo ce ta ƙasar Sakkwato. Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba sai da na je ƙauyenmu a ƙasar Bauci, na tasa kawuna a gaba da surutun 'yan boko, har ya yarda ya sayar da shanu 3 daga cikin 19 da yake da su, muka sayo ƙanen wannan bijimi.

Ran da aka sauke shi daga mota, Kawu ya kewaye shi sau biyu, ya shafa fatarsa, sa'an nan ya ce, "Ɗan nan, naman dai na gani. To, amma wannan zai iya tafiya rafi da rani?" Na yi dariya na ce, "Kawu, ai zamani ya wuce nan."

Ashe ni ne zamani bai koya wa kome ba. Da bazara ta yi tsanani bijimin ya riƙa laɓewa a inuwa yana haki, alhali fararen shanun Kawu suna ta kiwonsu. Abin da yake ci na dusa da harawa da angurya ya isa shanu biyu. Da damina ta sauka kaska ta yi masa rubdugu, kirci ya feso masa a gadon baya, aka yi ta magani har aka gaji. Bai ga damina ta uku ba. Kawu bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, kuma wannan shirun nasa ya fi mini zagi ciwo.

Kunya ce ta sa na shiga binciken abin da ya kamata in sani tun farko. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ilmin gadon halitta, wanda wani malamin majami'a mai suna Mendel ya aza harsashinsa a 1866, bai ƙaryata su ba. Maraƙi yakan ɗauki rabin gadonsa daga uba, rabi daga uwa. Idan aka haɗa iri biyu da suka yi nisa da juna, 'ya'yan farko sukan zarce matsakaicin iyayensu wajen saurin girma da yawan haihuwa, amma wannan tagomashi yakan ragu idan aka bar 'yan ruwa biyu suna barbarar junansu ba tare da tsari ba. Abin da ban sani ba shi ne, jure zafi da kaska da yunwar rani shi ma gado ne, kamar dai nama. Duk lokacin da ka zuba rabin jinin baƙo, ka zubar da rabin wannan juriya ke nan.

Ba ni ne farkon wanda ya yi wannan kuskure ba. Tun daga 1952 aka fara kawo bijiman Brahman daga Amurka zuwa tashar Wakwa, kusa da Ngaundere a Kamaru, ana haɗa su da shanun Gudali na Adamawa. 'Ya'yan sun yi girma yadda ake so, amma kirci ya addabe su fiye da shanun gida nesa ba kusa ba. Da na karanta wannan tun da wuri, da shanun Kawu 3 suna nan.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa haɗa iri aikin banza ne. A'a. A Afirka ta Kudu, Farfesa Jan Bonsma ya soma aiki a tashar Mara a 1937, yana auna shanu, yana rubutawa, yana fitar da duk wanda bai jure wurin ba, har ya samar da irin da ake kira Bonsmara. Abin lura a nan shi ne, kashi 5 cikin 8 na jinin wannan iri na shanun Afirkana ne na ƙasar, kashi 3 kacal suka fito daga shanun Ingila. Haka kuma ƙasar Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa sayar da naman shanu a waje, yawancin garkenta Nelore ne, shanu masu tozo kamar namu, waɗanda asalinsu daga Indiya aka kai su. A Kenya ma, shanun Boran na makiyaya aka yi ta zaɓe a cikinsu har suka zama abin nema a wasu ƙasashe. Duk waɗannan mutane da alƙalami da ma'auni suka yi aiki.

Mu kuwa Allah bai rage mu da kome ba. Ga Bunaji mai juriyar tafiya, ga Bokolo da Gudali masu cikar jiki, ga Rahaji, ga Azawak na bakin hamada, ga Kuri na tafkin Cadi, ga kuma Muturu da Ndama a kudu, waɗanda ke jure sammore inda ƙudan tsando ke kashe sauran. Akwai kuma masana a Shika, kusa da Zariya, inda aka kafa gonar kiwo tun 1928. Amma dubi abin da muke yi. Idan Sallah ta matso ko buƙata ta taso, san da ya fi kyau shi ake kai wa kara, domin shi ne mai kuɗi, sai a bar tsamurarre yana hawan shanu. Sau da yawa kuma akan bar sa ɗaya ya daɗe a garke har ya hau 'ya'yansa. Watau da hannunmu muke zaɓen koma baya, sa'an nan mu ce irin namu ne ba shi da kyau.

Bijimin nan ya bar maruƙa 6 kafin ya mutu, kowannensu da rubu'in jinin baƙo. Biyu sun bi ubansu. Sauran 4 kuwa sun rayu, sun bi garke rafi, sun kuma fi tsararrakinsu cika. Da Kawu ya nuna mini su, sai ya ce, "Ka gani ko, ɗan nan? Jinin baƙo kanwa ne. Kaɗan ke gyara, in ta yi yawa ta ɓata."

Yanzu akwai wani littafi mai bango shuɗi a ɗakin Kawu. Jikansa ne ke rubutawa: ranar haihuwar kowane maraƙi, sunan uwarsa, san da ya hau ta, da awon ƙirjinsa da igiyar tela duk bayan wata 3. Wanda ya fi sauri shi ake bari, saura a dandaƙe su a yi turka. Ana kuma musayar sa da wani maƙwabci kafin karsanoni su isa barbara. Ba a kashe ko kwabo a kan wannan ba, in ban da kuɗin littafi da alƙalami.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo. Roƙona ga hukuma da masu hannu da shuni shi ne, kafin a ɗauko maniyyin bijiman ƙasashen waje a raba wa makiyaya, a fara tambayar abin da maraƙin zai ci da rani, da wanda zai yi masa maganin kaska da damina, da wanda zai rubuta abin da ya faru da shi. Tambayar Kawu ke nan, wadda na yi wa dariya.

Na mayar masa da saniya 2 daga albashina. Saura ɗaya. Allah Ya ba ni ikon cikawa yana da rai, amin.