Keken Dakon Kaya Da Haƙƙin Mai Tafiya A Ƙasa

A manyan biranen Turai da Amurka akwai wani abin hawa da ya shigo gari, wanda masu tsara doka suka daɗe suna kai da kawo a kan matsayinsa, watau keken dakon kaya mai aiki da lantarki. Yana da feda kamar kowane keke, amma an sa masa inji da batir, an kuma kafa masa akwati a gaba ko a baya, wani ma ƙafafunsa huɗu. Kamfanonin kai saƙo suna son sa ƙwarai, domin ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, yana kuma kurɗawa inda babbar mota za ta tsaya cik. Wannan duk alheri ne. To, amma mai tafiya a ƙasa fa?

A Ingila, muddin ƙarfin injin bai wuce wat 250 ba, kuma yana daina taimaka wa mahayi idan gudu ya kai mil 15 da rabi a awa, to, a idon doka keke ne kawai. Ba a neman lasin, ba lamba, ba inshora, yaro ɗan shekara 14 ma yana iya hawa. A da akwai iyakar nauyi, watau kilo 40 ga mai ƙafa biyu, kilo 60 ga mai ƙafa uku, amma a shekarar 2015 aka soke ta. Ke nan doka tana auna ƙarfin inji da gudu, ta kau da kai daga nauyi.

A birnin Niyok kuwa, an fara gwajin waɗannan kekuna a watan Disamba na 2019 tare da kamfanonin UPS da DHL da Amazon. A shekarar 2024 hukumar sufurin birnin ta yarda faɗinsu ya tashi daga inci 36 zuwa inci 48, kusan faɗin keke napep ke nan, ta kuma tsayar da gudunsu a mil 15 a awa.

Alhali kuwa nauyin nan da aka raina shi ne jikin mutum yake ji. Idan kekuna biyu suna gudu ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya nauyi sau uku, ƙarfin bugunsa ma ya ninka sau uku, birkinsa kuma sai ya yi aikin birki uku kafin ya tsaya. Bugu da ƙari, injin lantarki ba shi da ƙara. Makaho da ke dogara da kunnensa, da tsohuwar da ke tsallaka titi a hankali, da yaron da ya fito daga bayan mota a guje, ba wanda zai ji zuwansa. Idan kuma aka ajiye shi a gefen titi inda mutane ke bi, sai mai keken guragu ya gangara cikin motoci.

Ƙasar Holan ta ga abin da sakaci kan jawo. A watan Satumba na 2018, a garin Oss, jirgin ƙasa ya banke wani amalanken lantarki mai suna Stint da ke ɗauke da yara, huɗu daga cikinsu suka rasu. Ba keken feda ba ne, amma shi ma an bar shi ya hau titi ba tare da cikakken bincike ba, sai bayan an yi rashi aka dakatar da shi.

Saboda haka maganin ba hani ba ne, rarrabewa ce. Keken da uwa ke kai 'ya'yanta makaranta daban, wanda kamfani ke loda wa kaya yana kuma ƙirga wa mahayinsa mintoci daban. Shi na biyun ya kamata a auna shi da kayansa, a gwada birkinsa, a ba shi lamba da inshora, a koyar da mahayinsa, a kuma keɓe masa wurin sauke kaya a kan titi. Rigakafi dai ya fi magani. Duk mai abin hawa yakan sauka ya taka da ƙafarsa, dokar da ta tsare mai tafiya a ƙasa kuwa kowa ta tsare.