Mataimaki ne ko mai aibi?

Ku matso, maganar nan kada ta wuce tabarmar nan. Daren jiya autata ta zo tana ƙunshe dariya da gefen hijabi. "Baba, malama ta ce *vice* mugun hali ne, irin su caca da shaye-shaye. To *Vice Principal* ɗinmu fa, shi ne ogan masu mugun hali?" Shayi ya sarƙe ni, amsa kuma ta ƙi zuwa. Sai da gida ya yi barci na ɗauko ƙamus, don kada girma ya faɗi.

Ashe kalmomi uku ne suka yi anko. Duk daga Latin suke, amma kowace da gidan ubanta. Ta mataimaki daga *vicis* ta fito, wato karɓa-karɓa, wanda ke tsayawa a madadin wani. Ta ƙarfen nan da makanike ke damƙe abu da shi a kan benci daga *vitis* take, kurangar inabi, saboda murɗewarta.

Ta ukun, ta mugun hali, ita ce ta hana ni barci. Asalinta *vitium*, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci wajen shekarar 1300. Kuma tun a Latin ba a kan hali kaɗai take ba, har naƙasar kaya tana nufi. A kasuwannin Rum ta dā, doka ta wajabta wa mai sayar da bawa ko dabba ya faɗi cuta ko *vitium* ɗin da ke jikin hajarsa. In ya ɓoye, mai saye na da wata 6 ya maido kaya ya karɓi kuɗinsa. Alhaji, kai da ke dillancin shanu a kara, daina sosa ƙeya, ba da kai nake ba.

Ba ku ji kamar tamu ba? Aibi, da muka aro daga Larabci. Da ita muke kushe atamfa mai zuba, da ita muke kushe surukin da bai kwanta mana ba. Ni a ganina ita ce fassarar *vice*, ba zunubi ba. Zunubi aikatawa ake yi, a tuba. Aibi kuwa zama yake yi a jiki kamar tsaga a tukunya.

Da safe na zayyana wa yarinya duka wannan, ina jiran yabo. Ta rataya jakarta ta ce, "Baba, ai dukan nan da *Vice Principal* ɗinmu yake mana, duka biyun ne shi."