Shin Buga Gem A Bainar Jama'a Yarinta Ce?

Sau da yawa mukan ji ana cewa duk magidancin da aka gani a tasha ko a layin banki ya duƙufa a kan gem yana latse-latse, to ya zubar da girmansa. Mu 'yan aji shida da muka haɗu muka rubuta wannan ba mu yarda ba. Maganar kuwa ta shafe mu, domin nan da 'yan watanni mu ma za a fara lissafa mu cikin manya.

Tun asali ba yara kaɗai aka yi wa wannan abu ba. Gunpei Yokoi, ma'aikacin kamfanin Nintendo na ƙasar Japan, ya samo dabarar ne a cikin jirgin ƙasa, inda ya ga wani babban mutum zama ya ishe shi, yana ta danna kalkuleta don ya rage lokaci. Daga nan aka fitar da Game & Watch a 1980, ɗan ƙarami mai shiga aljihu, har da agogo a jikinsa. Game Boy ya biyo baya a 1989. Wasan da ya fi ɗaukaka shi, wato Tetris, wani masanin kwamfuta ne mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a Mosko a 1984. A 1993 kuma Aleksandr Serebrov, ɗan sama-jannati na Rasha, ya tafi da Game Boy tashar Mir, ya kwana 196 a sararin samaniya. Wa zai kira wannan yaro?

Mu dubi gida. Dattawanmu sukan wuni a gindin bishiya a kan dara, ramuka talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, ana ci ana shewa. Ba mu taɓa jin an ce sun koma yara ba. Wanda ke jera tubalan Tetris shi ma lissafi yake yi, sai dai nasa filin yana tafin hannu.

Amma akwai inda muka ba masu suka gaskiya. Dara da mutane ake yin ta. Mai wucewa yakan yi sallama a amsa masa, ya tsaya ya sa baki, a yi masa ba'a. Mai gem kuwa kansa a sunkuye yake. Tsohuwa za ta shigo mota da kaya bai gani ba, balle ya matsa mata. A gaishe shi, ya amsa da hanci. Wani ma har ya ƙure ƙara, kowa ya sha ƙiiƙii tun daga Jos har Kaduna. A zaman makoki kuwa, ko taron iyaye da malamai, ba ma sai mun faɗa ba. Wannan a wurinmu rashin ladabi ne, kuma da jarida ce a hannunsa ya yi haka, sunan da za mu ba shi ke nan.

Ma'aikaciyar asibiti da ta sauka daga aikin dare, tana jiran mota ta cika, ta ciro waya ta ɗan buga gem, ba ta tauye wa kowa hakki ba. Yaran da suke da shekara goma a 1989 yanzu sun haura arba'in, waɗansunsu malamai ne, waɗansu likitoci. Da Nintendo Switch ya fito a 2017, da albashinsu suka saya.