Daga Kurungun Beji Zuwa Kifin Falo

Idan hanya ta bi da kai daga Minna zuwa Zungeru, tsaya a Beji ranar kasuwa ka leƙa wajen masu kifi. Ban da tarwaɗa, kana iya cin karo da kurungu, irin wanda masunta ke kamawa a Kogin Kaduna. Riƙe shi da dabara, ƙayar bayansa tana huda hannu.

Wani danginsa na nesa ne ake sayarwa a birni da sunan pleco, don sakawa a akwatin gilashi a falo. Asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne. Yana manna baki a jikin gilashi yana kankare gansakuka, shi ya sa mai shago zai ce maka ka samu mai shara. To, sharar tasa ba ta kai ga kashin kifaye ba, nasa ma ya fi na kowa yawa. Kamar ɗan yatsa za ka saye shi, amma yana iya wuce santimita 30.

Gansakuka kaɗai ba ta ƙosar da shi, jefa masa yankan kokwamba da dare, lokacin da yake kiwo. Ruwan famfo ya kwana a bokiti tukuna saboda kilorin. Duk mako a canja rubu'in ruwan, yara kuma su wanke hannu da sabulu in sun taɓa shi.

In ya fi ƙarfin akwatin, nemi mai babban tanki ka ba shi. Kada ka sake shi a kogi. A Filifin da jihar Florida ta Amurka an yi haka, yanzu ya cika ruwa yana haƙa ramuka a gaɓa.