Hoton da Ba Ya Jin Hausa

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Dagumawa, ta ƙaramar hukumar Wudil, wanda ya fi shekara goma yana cin abinci da bikin aure da suna da saukar karatu, da kuma hoton fasfo na ɗaliban jami'ar Wudil. A cikin hunturun wata shekara, saura kwana kaɗan Kirsimeti, wani ɗalibi da ya saba zuwa shagonsa ya tambaye shi ko zai je garinsu, can wajen Sumaila, ya ɗauki hoton taron waƙa da matasan majami'arsu suka shirya. Ya ce za a yi jita da ganguna da fitilu masu launi, irin yadda ake yi a Jos. Mai hoton Musulmi ne, bai taɓa taka harabar coci ba. Ya tambayi kuɗin aikin, ya ji ya yi masa, ya amsa. Da zai fita ya ce wa mahaifiyarsa aiki ya samu a ƙauye, bai ƙara komai a kai ba.

A ransa ya ɗauka zai tarar da mutane irin na Sabon Garin Kano, masu gaisuwa da Turanci. Sai wani dattijo mai babbar riga da hula ya tare shi a bakin ƙofa.

"Sannu da zuwa, Malam, ka sha hanya. Ka samu magariba kuwa?"

"Tukuna, Baba."

Dattijon ya sa aka kawo buta da tabarma, ya nuna masa gabas, ya koma hidimarsa. A tsakar filin kuwa sunayen da ake kira su ne Ladi da Talatu da Ɗanladi da Audu, Hausar da ake yi kuma ta fi tasa tsufa, don akwai kalmomin da rabonsa da jin su tun daga bakin kakarsa.

Bai kamata wannan ya ba ɗan ƙasar Kano mamaki ba, amma yana ba da yawa daga cikinsu. A ƙasar Sumaila da Rano da Tudun Wada akwai Hausawa Kiristoci, akasarinsu jikokin Maguzawa, waɗanda kakanninsu suka karɓi bishara a ƙarnin da ya wuce ta hannun 'yan mishan na SIM, ƙungiyar da ta haifi ikkilisiyar ECWA a 1954. A Zariya kuma akwai Wusasa, inda mishan ɗin Angalikan ta koma a 1929 bayan shekarun da Dakta Walter Miller ya yi a cikin birni. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932. Ke nan an kusa cika shekara ɗari ana sujada da rubutacciyar Hausa, ana rera waƙoƙi da ita ran Lahadi.

Kiɗan da matasan suka zo da shi, shi ne baƙo. A Amurka aka fara ɗora waƙar yabon Almasihu kan jitar lantarki da gangunan rok, a ƙarshen shekarun 1960, kuma ana yawan ambaton faifan Larry Norman na 1969 a matsayin mafarin abin. Fastoci da dama a can sun ƙi shi da farko, suna cewa kiɗan mashaya ne aka shigar ɗakin Allah. A Arewacin Nijeriya, Jos ce ta raini wannan salo. Panam Percy Paul ya sa jita ta samu wurin zama a waƙar bishara, daga baya irin su Jeremiah Gyang da Solomon Lange suka nuna cewa Hausa tana hawa wannan kiɗa ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Yaran da suka hau dandamali a daren nan, da waɗannan muryoyi suka tashi a wayoyinsu.

Dandamalin katakai ne aka jera kan bulo, aka rufe da darduma. Lasifika biyu na haya, janareto ɗaya a bayan katanga, fitilu huɗu masu juya ja da shuɗi da kore. Daga waƙar farko mai hoton ya gane dabarun bikin aure ba za su yi masa aiki ba. Ya kunna filasha, sai ƙurar hunturu da ƙafafun masu rawa suka tayar ta fito a hoton kamar an watsa gari, launin fitilun kuma ya mutu. Ya kashe ta. Ya gaggauta ƙiftawar kyamara zuwa kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa don ya tsayar da hannun mai ganga a iska, sai hotuna suka riƙa fitowa wani da haske wani da duhu, wasu da baƙin zane a kwance. Dalilin kuwa, wutar Nijeriya tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, fitila mai arha kuma tana ƙyafta sau 100 a cikin wannan daƙiƙar. Idon ɗan Adam ba ya lura, amma kyamara mai sauri tana faɗawa tsakanin ƙyaftawa biyu. Maganin shi ne a sauko zuwa kashi ɗaya cikin 100, a haƙura da hannun mai ganga ya zama hayaƙi. Ko hakan ma ba kullum yake ci ba, domin janareto ba ya riƙe lissafi: duk sa'ad da mai jitar bes ya danna, injin sai ya yi nishi, fitilu su dusashe.

Bayan kamar sa'a guda aka tsaya don ƙara mai. Ya zauna kan benci yana duba abin da ya samu, kuma a ma'aunin sana'a hotunan sun yi kyau. Ga saurayi ya lanƙwasa baya da jita, shuɗin haske ya raba fuskarsa biyu. Ga budurwa ido a rufe, makirufo a hannu, gumi yana sheƙi. Amma da ya ƙara dubawa sai ya ga babu abu guda a cikinsu da zai shaida wa mai kallo inda aka yi. Da za a ce Legas ce ko Nairobi, ba mai musu. Abin da ya girgiza shi tun isowarsa ta kunne ya shiga: kalmomin Ubangiji da gafara da alheri da ceto, a bakin yaran da ke lanƙwasa harshe irin na ƙauyukan kudancin Kano. Kyamara kuwa kurma ce. Duk wanda ya ga hotunan a Wudil zai ce wasu baƙi ne suka yi taronsu, ya wuce.

Da wuta ta dawo sai ya juya wa dandamali baya. A can ƙarshen fili, inda hasken fitilu yake kaiwa da ƙyar, matan zumunta suna zaune da ankonsu. Ba a sa su cikin tsarin daren ba, amma sun zo da kayansu: tulun da ake buga bakinsa da tafin hannu, da caki. Suna bin jitar da nasu kiɗan, wani lokaci su riga ta, wani lokaci su ja ta baya, har mai gangar dandamali ya fara sauraronsu. Dattijon nan mai babbar riga yana tsaye gefe, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, a fuskarsa kana ganin bai gama yarda da ƙarar ba, amma leɓɓansa suna bin waƙar. Wata tsohuwa ta buɗe Littafin Waƙoƙi da ya sha hannu har bangonsa ya koma kamar fata, ko da yake waƙar da ake yi ba ta ciki.

A nan ya samu hoton daren. Wata matashiya da mayafi, ta tsuguna kusa da tsohuwar, ta haska mata shafin da fitilar waya. Rubutun Hausa ya fito sarai a shafin, lalle ya fito a yatsunta, can baya kuma jitar ta zama jan haske marar siffa. Ya ɗauka sau uku, na biyun ya zauna daidai.

Bai kai ga ɗaga kai ba ta iso gabansa.

"Malam, don Allah hoton nan da ka ɗauke ni, ka goge."

"Ƙanwata, ai shi ya fi kowanne kyau. Duba ki gani."

Ta duba, ta ɗan yi murmushi. "Ya yi kyau. Amma a gidan da nake aure ba a san na zo ba. Kakata ce wannan, na rako ta ne."

Bai tambaye ta ko wane addini take bi ba, ita ma ba ta faɗa ba. A waɗannan garuruwa gida ɗaya yakan haɗa mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, ana cin tuwo a kwano guda, kuma zaman yana tafiya ne bisa abubuwan da kowa ya sani amma ba a baza su a faifai. Hoto kuwa in ya shiga waya ya bar hannun mai shi, ya isa wurin waɗanda ba su san kakar ba, ba su san garin ba, su fassara shi yadda suka ga dama. Masu ɗaukar hoto suna da hujjar da suke kāre kansu da ita, wai taron jama'a ne, wanda ya fito fili ya yarda a gan shi. Hujja ce da aka yanka wa manyan birane, inda fuska ɗaya take ɓacewa cikin dubu. A garin da kowa ya san zanen kowa, ba ta rufe ko gwiwa.

Ya goge ukun a gabanta, ya nuna mata allon. Ta ce, "Na gode, Allah ya saka," ta koma wurin tsohuwar. Ya ƙara ɗaukar tulun da hannuwan da ke buga shi, da hular dattijon, da shafin littafin ba fuska. Sun yi kyau daidai gwargwado, amma babu wanda ya kama ƙafar wancan.

Bayan kwana uku ɗalibin ya zo shago karɓar aiki. Ya wuce hotunan tulu da sauri, ya tsaya kan saurayin nan mai jita da shuɗin haske, ya ce a wanke masa shi babba, za su manna a majami'a. Wani mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da shagon ya leƙo, ya ga hoton a kwamfuta, ya ce, "Kai, yaushe ka je Jos ba mu sani ba?"

Mai hoton ya ce, "Nan ne, bayan Sumaila."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, ya koma bakin aikinsa.